Jirgin Lawali

Bana damina ta yi jinkirin tafiya. Na zo Malanbil ganin gida a ƙarshen Satumba, na tarar gulbi ya cika har ya shiga gindin itatuwan bakin gada, hatsi kuma ya yi ido a gonakin hanyar Garu, ƙauyenmu. Da hantsi ina bayan babur sai na ji ƙarar gwangwanaye daga cikin wata gona, wata mata tana jan igiya tana ihu. Na ɗaga kai na dubi sama. 'Yan tsuntsaye ne da ba su kai a tashi tsaye dominsu ba. Duk da haka na daɗe ina bin su da ido, kamar yadda nake yi duk sanda na ji wannan ƙara, yau fiye da shekara ashirin.

A wancan lokaci na gama shekara ta biyu a jami'a a Aljeriya, ina karatun injiniyan jiragen sama. Na ci jarrabawar bak ta gama sakandare da kyau, gwamnati ta ba ni burs, wato tallafin karatu, na zama ɗan Garu na farko da ya hau jirgin sama don karatu. Babana manomi ne, yana kai shinkafa da albasa kasuwar Malanbil. Babu ɗan kasuwar da bai ji daga bakinsa ba cewa ɗansa Lawali yana can ƙasar Larabawa yana koyon jirgi. Da na dawo hutu, tun daga tasha ake kirana Mai Jirgi. Hamani, mijin yayata Ramatu, masunci ne mai yawan barkwanci, ya tare ni a ƙofar gida ya ce, “Marhaba da abokin sana'a. Kai jirgi ni jirgi, bambancin dai nawa in ya kihe ana iya iyo.”

Abin da ba su sani ba, a shekarun nan biyu ban taɓa jirgi da hannuna ba. Lissafi ne safe da yamma, allo ya cika a goge a sake cikawa. Muna koyon yadda iska ke gudana, yadda ƙarfe ke gajiya har ya tsage, yadda zafi ke ratsa abu. Mafi kusa da jirgi da na zo shi ne wani dogon bututu a ɗakin gwaji, da fanka a bakinsa. A sa ɗan fiffike na katako a ciki, a saki hayaƙi, mu tsaya bayan gilashi muna kallon yadda hayaƙin ke bi ta kan fiffiken, ya murɗe a bayansa, ya daɗe yana rataye kafin ya watse. Ina son abin ƙwarai. Nakan manta da abincin rana a gaban wannan gilashi.

Ranar da na iso, bayan magariba muna zaune kan tabarma, Baba ya ce, “To, wane iri kaka tuƙawa yanzu, babba ko ƙarami?”

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da bututun da hayaƙin. Ya daɗe yana dubana.

“Shekara biyu kana kallon hayaƙi?”

“Da lissahi, Baba.”

“Innarka ta hi ka ganin hayaƙi, ba ta tahi ko'ina ba.” Ya yi 'yar dariya, sannan ya rage murya. “Kada ka hwaɗa ma kowa wanga zance.”

Abincin da ke gabanmu ranar ya nuna mini halin da gida ke ciki tun kafin kowa ya buɗe baki. Garin rogo ne aka kwaɗa da tafasa, da ɗan ƙuli-ƙuli da sai ka nema za ka ji shi. Bara ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, shinkafar fadama kuma gulbi ya hau ta. Rumbunmu biyu tun kafin shuka suka zama wajen kwanan kaji, kajin ma aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Inna takan tashi da asuba ta hura wuta ko da babu abin ɗorawa, don kada maƙwabta su ga gidan babu hayaƙi. Ta dama kunu mai ruwa-ruwa mu sha mu fita gona. Da rana ita da matan unguwa su bi bakin fadama suna tsinko tafasa da lalo da rama. Da yamma a dafa, a matse, a raba. Mutum ya ci ya ƙoshi da ganye, kafin isha cikinsa ya fara kuka. Na dawo daga inda nake ƙorafin burodi ya yi tauri, na ga hannun Inna ya zama kamar kara.

Amma hatsin bana ya yi kyau, wannan ne ke riƙe da kowa. Ruwa ya sauka a kan kari, karan ya wuce kan mutum, zangarniya ta fito doguwa mai kauri. Da safe in ka ratsa gona raɓa ta jiƙa ka har wuya, ƙamshin bununi ya cika maka hanci. Mutane suna tafiya da yunwa amma suna gaisawa da fara'a. Kowa na cewa kwana kaɗan ya rage a fara gasa tumu.

Hamani ne ya fara kawo labarin. Akwai gungu a tsakiyar gulbi daura da Garu, tsibiri ne mai duhuwar ƙaya da dogayen ciyayi, inda masunta ke ɗaure jirage su huta. Ya zo gida wata la'asar babu barkwanci a bakinsa.

“Baba, jan-baki sun sauka gungu. Rassa na karyewa don nauyinsu. Ruwan gehe ya yi hwari da kashi, wari ba a iya tsayawa.”

Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tashi ya shiga ɗaki.

Kwana biyu bayan haka na gan su. Muna gona da sassafe sai wani baƙin abu ya taso daga wajen gulbi kamar hayaƙin gobara. Ya miƙe, ya naɗe, ya rabu biyu ya sake haɗewa. Kafin ya iso ka fara jin ƙararsa kamar ruwan sama na tahowa a kan kwano. Jan-baki ɗan ƙaramin tsuntsu ne, ka rufe shi a tafin hannu. Amma in suka sauka a gona karan hatsi sunkuyawa yake har ƙasa, in suka tashi zangarniya ta zama fanko.

Daga ranar garin ya koma gona. Aka kafa rumfuna masu tsawo a tsakiyar hatsi, aka ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa aka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Maza da majajjawa, mata da faifai da tsofaffin kwanoni. Tun kafin gari ya waye sosai kowa na wurinsa, ba a sauka sai rana ta faɗi. Ana salla bi da bi, don in aka bar igiya na ɗan lokaci an yi asara. Inna ta yayyage tsofaffin zannuwanta tana ɗaure manyan zangarnu ɗaya-ɗaya. Muryoyi suka dishe, har aka koma gaisuwa da hannu. Ruwa ya ɗauke a kwanakin, zafi mai ɗanko ya sauko, sama ta yi wani rawaya-rawaya, ga sauro ko da rana. Ka kore su daga gonarka su sauka a ta maƙwabcinka, shi ma ya koro maka su. Gonar wani dattijo da zazzaɓi ya kwantar, tsakanin azahar da la'asar suka gama da ita. Na ga matarsa tsaye a bakin gonar da faifai a hannu, ba ta kuka, ba ta motsi.

A cikin haka rediyo ya faɗi cewa an kawo jirgin feshi Gaya, tsallaken gulbi, a ƙasar Nijar. Yau da waya a aljihun kowa, da an kira an tambaya an ji gaskiyar magana kafin shayi ya huce. A lokacin sai dai abin da mutum ya ji ya ƙara da nasa. Washegari delege, shugaban ƙauyen da aka zaɓa, ya zo gidanmu da dattawa. Suka zauna a zaure, aka kira ni.

Delege ya ce, “Lawali, Allah ya kawo ka a kan lokaci. Jirgi na Gaya. Mutanenka ne, harshensu kake ji. Ka tahi ka ce su ƙetaro muna.”

Na buɗe baki zan ce ni ɗalibi ne kawai, Baba ya riga ni. “Shina tahiya gobe in Allah ya so.”

Da suka fita na ce, “Baba, ba su san ni ba.”

Bai dube ni ba. “Ka tahi su san ka.”

Na hau keken Baba na bi laka har Malanbil. Na wuce duwan, wato kwastan, da jandarma na gefenmu, na ƙetare gada, na wuce na gefensu. Filin jirgin jan ƙasa ne a bayan gari, babu komai sai rumfar kwano da sanda da aka ɗaura wa ƙyalle don nuna iska. Ga jirgin nan, ɗan ƙarami, rawaya, mai ya yi masa zane baƙi a ciki, da bututu mai ƙananan bakuna a ƙarƙashin fikafikansa. Na ajiye keke na matsa na ɗora hannu a kan fiffiken. Ya yi zafi da rana. Duk abin da na zana a takarda ga shi a gabana da ƙusoshinsa. Na ɗan manta abin da ya kawo ni.

Matuƙin wani dogon mutum ne da gajiya a fuska, wani kamfani ne ya turo shi haya. Da na gaya masa abin da nake karantawa ya saki fuska, ya zagaya da ni, ya nuna mini injin. Da na faɗi buƙatarmu sai ya girgiza kai. Ya ce izininsa a tsakiyar gulbi ya tsaya, in ya ƙetare wata ƙasa ce, jirgin ma sai a kama. Amma gungun da nake faɗa yana cikin wuraren da aka ba shi, zai kai gare shi in ya gama da na yamma.

Na fara murna, sai idona ya faɗa kan gangunan ƙarfe da ke cikin rumfar. Kowace da hoton ƙoƙon kan mutum. Na karanta sunan maganin da abin da aka rubuta a ƙarƙashi. Sannan na dubi ƙyallen da ke kan sanda. La'asar ta yi, iska ta juyo daga arewa, tana nuna gulbi, tana nuna gefenmu.

Na ce, “Da wane lokaci kuke feshi?”

Ya ce da magariba, in tsuntsu ya koma makwanci.

Na ce da magariba iskar nan Garu take nufa, kuma abin da ya fito ta bayan fiffike ba nan take yake sauka ba, rataye yake zama iska ta ɗauke shi. Ya ce ya sani. Haske kaɗan ne yake da shi tsakanin saukar tsuntsu da duhu, ba ya zaɓen iska. Ya ce an sanar da ƙauyukan gefensu kada kowa ya kusanci wurin ko ya taɓa tsuntsun da ya faɗi.

“Gefenmu fa?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Ai ga ka nan. Ka gaya musu.”

Na dawo na faɗa wa delege da dattawa gaskiya, cewa jirgi ba zai ƙetaro ba. Na ga fuskoki sun faɗi. Na ce amma zai fesa gungu, kuma maganin guba ne mai kisa, kada a je, kada a ɗauki tsuntsu, a rufe randuna. Babu wanda ya saurari rabin na biyu. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, “Karatun ke nan.” Delege ya kakkaɓe riga ya ce, “In ya zo mu gani.” Baba ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido har zauren ya watse.

Kwanakin da suka biyo su ne mafi nauyi da na sani. Na bi gida-gida ina maimaita maganar, ana amsa mini da “to” ba a dube ni ba. Hatsi na raguwa a ido. Hadari ya haɗu kowace yamma a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, ya watse babu ɗigo. Gulbi kuwa yana ta hawa a hankali da ruwan wasu ƙasashe. Kowace magariba ina kan rumfa ina sauraron arewa, ban san abin da nake roƙo ba, ya zo ko kada ya zo.

Ya zo ran wata Laraba. Rana ta yi ja, tsuntsaye sun koma, mutane na saukowa daga rumfuna. Aka ji gunji daga nesa, sai ga shi ƙasa-ƙasa yana bin gulbi, ya karkata a kan gungu, wani farin hazo ya biyo bayansa. Ya juyo ya sake bi, ya sake. Garin duka ya ruga bakin ruwa. Mata suka ɗauki guɗa. Wani ya ƙwala, “Jirgin Lawali!” sai kowa ya kama. Maza suka kewaye Baba suna riƙe masa hannu biyu. Na ga fuskarsa ta buɗe irin yadda ban gani ba tun zuwana.

Na ce, “Ba ni na kawo shi ba! Ku koma gida, ku bar bakin ruwa!”

Delege ya dafa ni yana dariya. “Kunya gare shi, ɗan halal.”

Hazon bai sauka ba. Ya tsaya a kan ruwa ya yi shimfiɗa, jan rana na ratsa shi, yana matsowa. Sannan warin ya iso, kamar kananzir da aka haɗa da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ido ya fara yaji. Na ruga gida na rufe randuna, na kwashe shanyar ganyen Inna na kai ɗaki.

Washegari gari ya waye shiru. Babu gwangwani, babu ihu, babu ko kukan tsuntsu ɗaya. Mutane suka tsaya a bakin gonaki suna duban sama fayau. Na nufi bakin gulbi da sauri don in tare masunta, na tarar sun riga ni, tun asuba suka ƙetara. Ruwa na wucewa da matattun tsuntsaye kamar an shimfiɗa tabarma. Da hantsi jiragen suka dawo maƙil. An bar mushen, an tsinto masu sauran numfashi, waɗanda ke fuffuka a ƙasa ba su iya tashi, ana yankawa tun a cikin jirgi. Mata suka sauko da ƙore da kwanduna. Watanni ke nan yawancinsu ba su ga nama ba.

Na shiga ruwa har gwiwa na riƙe bakin jirgin Hamani. “Don Allah kada ku ci. Guba ce a jikinsu.”

“Haba abokin sana'a,” in ji shi, hannunsa duk jini da gashin tsuntsu. “Naka ya kayar, nawa ya kwaso. Sun ci hatsinmu, mu ci su. Wuta na kashe komi.”

“Ba ta kashe wanga.”

“To kai da ka kawo shi, guba ka kawo muna?”

Mutane suka yi dariya, suka ci gaba da miƙa ƙore.

A gida na tarar Ramatu ta aiko wa Inna ƙwarya guda, Inna har ta fara figa. Na tsuguna gaban Baba na ce, “Ban taɓa roƙonka komi ba. Na karanta abin da ke jikin gangar da idona.” Ya daɗe yana duban ƙwaryar. Sannan ya ce da Inna, “A gina rami a bizne. Ki wanke hannu da toka.” Inna ta miƙe. Ta ɗauki ƙwaryar ta zagaya bayan ɗaki, ta daɗe ba ta dawo ba.

Na wuce gidan Ramatu. Tana da tsohon ciki, na fari, bayan shekaru ana jira. Na same ta a gindin murhu, gashin tsuntsu ya manne mata har gwiwar hannu, kasko na ƙara. Ta riga ta ci.

“Yaya, mi kinka yi?”

Ta yi murmushi ta shafa cikinta. “Wanga na ciki bai taɓa jin ƙamshin nama ba, Lawali. Kaɗan na ci.”

Na fito. Garin duka ƙamshin suya yake, daga kowane gida hayaƙi na tashi, ana hira da dariya ta kan danga. Na tsaya a tsakiyar hanya yawuna na tsinkewa don yunwa.

Shirwa ce ta fara faɗowa, kusa da masallaci, bayan azahar. Sai kyanwar maƙwabta ta fito tana tangaɗi da kumfa a baki. Kafin la'asar aka fara jin amai ta bayan dangogi. Da aka zo kirana, Ramatu na kwance gumi ya jiƙe zaninta, miyau na zuba, ƙwayar idonta ta tsuke kamar tsinin allura, naman hannunta na rawa shi kaɗai. Hamani na gefe a durƙushe yana kakari. Muka ɗora su a amalanken jaki da wasu, muka bi lakar nan zuwa Malanbil, ƙafar amalanke na nutsewa muna turawa.

Barandar asibiti ta cika da mutanen Garu. Likita ya fito yana tambaya wane magani ne aka fesa, babu wanda ya sani sai ni. Na faɗa masa sunan. Ya ce ya san makarinsa, amma abin da ke hannunsa kaɗan ne, sai an aika asibitin garin Kandi. Ya fara da waɗanda numfashinsu ya fi tsanani. Yawancin mutane amai da ciwon kai suka yi suka tashi. Hamani ya farfaɗo washegari. Tsohuwa Gambo maƙwabciyarmu, wadda ta yi wa Inna wankan jego da aka haife ni, ba ta kai ga zuwan maganin ba. Ramatu kuwa tana nan tsakani, ƙirjinta na gurnani, ba ta san wanda ke kanta ba.

A wajen jana'izar Gambo na shiga sahu, na ga wanda ke damana ya ɗan ja jiki. Da aka dawo daga maƙabarta na ji kalmomin nan biyu a bayana, “jirgin Lawali,” da wata murya dabam. Na gaida Hamani a ƙofar asibiti, ya dubi bango. Da yamma delege ya zo, bai shiga zaure ba, ya kira Baba waje. Ya ce jandarma sun zo suna tambaya wa ya nemo jirgin, kuma 'ya'yan Gambo sun iso daga Madekali ransu a ɓace.

Hutuna bai ƙare ba, amma bayan sallar asuba Baba ya ce in haɗa jakata. Ya ɗora ta a keke yana turawa, muka bi ta bayan gari. Hatsin da ya rage yana tsaye lafiya gefe da gefe, babu mai tsaro, ya nuna har ya sunkuya.

Na ce, “Baba, in na tahi za su ce gudu na yi. Kuma Yaya…”

“Zamanka ba ya tashe ta.” Ya ci gaba da tura keken. “Ni na bi kasuwa ina cewa ɗana mai jirgi ne. Ni na ce shina tahiya Gaya. Bakina ne, ni ka zama da shi. Kai ka koma ga hayaƙinka.”

Muka biya asibiti. Na tsaya a kanta na kira ta, ba ta buɗe ido ba. Inna na zaune a ƙasa tana mata fifita, ta ɗago ta dube ni ta ce, “Allah shi tsare,” ta mayar da kai. Baba ya sa ni a wani kamyo, babbar motar kaya, mai sauka Faraku a hanyar Kwatano. Bai jira motar ta tashi ba.

Daga Kwatano na hau jirgi, kujerata daidai fiffike. Na rufe labulen tagar har muka sauka.

Makonni suka wuce babu labari. Sanyi ya shigo, aka fara darussan shekara ta uku, waɗanda na daɗe ina ɗoki. Ina zaune a aji ina kwafar allo ban san abin da nake rubutawa ba. Na fara tunanin sauya fanni, ko in tattara in koma gida in riƙe fartanya. Akwai wani mai shagon waya a kasuwar Malanbil da akan bar wa saƙo. Na kira shi na roƙa ya aika Garu, a ce zan sake kira ran Juma'a bayan masallaci.

Ran Juma'ar Baba ne ya ɗauka, yana ɗaga murya yadda tsofaffi ke yi a waya. Ya ce an yi girbi, an samu rabin rumbu da ɗori. Ya ce jandarma sun je Gaya sun ji gaskiya, amma mutane ba su ji ba tukuna, kada in zo hutu mai zuwa. Na kasa tambayar abin da na kira dominsa. Sai ya ce, “Ga ta.”

Muryar ta yi siriri har ban gane ta ba da farko.

“Lawali.”

“Yaya. Ya jiki?”

“Da sauƙi. Hannu dai ka rawa.” Ta ja numfashi. “Namiji ne. Bai zo da rai ba.”

Na jingina da bangon rumfar wayar. Na ce mata zan bar karatun, zan dawo. Ban san ko ta ji ba, don layin na ta ƙara.

Ta ce, “Can inda kuke, ana koya muku yadda za a hana wanga magani zubowa bisa mutane?”

Na ce, “Ba a kai nan ba tukuna.”

“To ka zamna har a kai.”